Tsohon da Yake Raɗa a Sinima

Akwai wata yarinya a Minna mai suna Hussaina, 'yar unguwar Bosso. Shekara biyu ke nan da ta gama difloma tana zaune a gida. Ta kai takardar neman aiki wurare har takalminta ya cinye, shiru kake ji. Idan ka tambaye ta ina labari sai ta ce sai alheri, amma duk wanda ya kalli fuskarta ya san zaman ya ishe ta.

To, a garin akwai wani gidan sinima da duk shekara idan 'yan makaranta suka yi dogon hutu yake buɗe shirin kallo na mako takwas. Kullum fim uku, daga sha biyun rana zuwa yamma, tikiti kuma da rahusa. Lokacin damina ta kankama, babu inda mutum zai kai yara su sha iska, sai ka ga gidan ya cika maƙil. Saboda yawan jama'a sukan ɗauki ma'aikatan wucin gadi. A wannan shekarar mutum shida aka ɗauka, Hussaina na ciki.

Mahaifiyarta, Inna Altine, da farko ƙi ta yi. "Sinima? Duk aikin duniyar nan ki rasa sai gidan kallo?" Sai da Hussaina ta rantse mata kafin magariba tana gida, sannan ta ce Allah ya sa albarka, shi ma da ƙyar.

Ranar farko manajan gidan, Gideon, ya tara su. Mutum ne mai son tsari. Ba mugu ba ne, gaskiya, amma idan ya kafa doka ko shi kansa ba ya tsallake ta. Ya miƙa wa kowa 'yar tocila, ya ce:

"Bara surutu ya kusa kashe mana kasuwa. Wannan yana waya, wancan yana faɗa wa abokinsa ƙarshen fim. Bana babu wannan. Wanda ya yi surutu a haska shi. Ya sake, a sake haska shi. Na uku, waje. Ku shida ne, idan hutu ya ƙare mutum biyu kawai zan riƙe. Duk wanda aka kawo mini ƙarar ɗakin da yake tsaro, ya sani ba ya ciki."

Hussaina ta ɗauki maganar nan ta ɗaure a bakin zani. Jama'a, ku zo ku ga aiki! Ko tari ka cika yi sai ka ji haske a fuskarka. Kafin mako ya zagayo ɗaliban da ke zuwa kallo sun raɗa mata suna Hajiya Tocila. Ita ko a jikinta, aikin take so.

A 'yan kwanakin nan ta gane wani abu. Duk wanda aka haska sai ya motsa. Wani ya sunkuyar da kai, wani ya kare fuska da hannu, wani ya ja tsaki. Ba ta taɓa haska wani ya zauna ƙyam ba.

Ran Talatar mako na biyu, a kallon ƙarfe biyu, wasu tsofaffi mata da miji suka shigo. Tsohon siriri ne, sanye da kwat da ta sha wanki, da lema a hannu. Matar ta ɗaura ɗankwali mai kyau, ta saƙala hannunta cikin nasa, suna tafe a hankali. Hussaina ta yage musu tikiti tana murmushi a ranta, ta ce oh, tsofaffi ma ba a bar su a baya ba.

Ana kashe fitila, raɗa ta fara. Tsohon ya kai bakinsa kunnen matar, ƙus ƙus ƙus, ba tsayawa. Hussaina ta haska shi. Ya ɗaga hannu alamar a yi haƙuri, ya yi shiru. Minti ɗaya bai cika ba ya ci gaba.

Can sai matar ta yi 'yar dariya. Hussaina ta matso, ta ɗora mata hasken a tsakiyar fuska.

Matar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Idonta a buɗe, tana fuskantar allo, murmushinta yana nan yadda yake.

Kai! Ran Hussaina ya ɓaci. A ganinta wannan raini ne tsagwaronsa, wato ke kin isa ki haska ni in motsa? Ta jira raɗa ta uku, ta sunkuyo ta ce, "Baba, ku fito."

"'Yata, tsaya in gaya miki..."

"Baba, don Allah ban da magana. Doka ce. Ku fito."

Matar ta juyo wajen mijinta. "Yona, fim ya ƙare ne?"

Tsohon ya ce, "Na'urarsu ce ta samu matsala, Magdalene. Tashi mu je."

Hussaina ta ce a ranta, ji tsoho da ƙarya. Ta bi bayansu don ta tabbatar sun fita. Da suka iso matakalar bakin ƙofa sai ta ji tsohon yana cewa a hankali, "Uku ne, sauka. Ɗaya. Biyu. Uku. Yawwa, kin iso." Matar kuma tana laluben kowace mataka da ƙafa kafin ta taka.

Inna lillahi. Ashe matar ba ta gani.

A waje ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Tsofaffin suka raɓe a baranda suna jiran keke napep. Hussaina ta fito ta tsaya bayansu, ta rasa ta inda za ta fara. Sai ta ji matar tana cewa, "Yona, ba na'ura ba ne. Ina jin fim yana tafiya lokacin da muka tashi. Korar mu aka yi, ko?"

Hussaina ba ta san sanda ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti ba. "Mama, ni ce na kore ku. Wallahi ban sani ba. Ku yafe mini."

Mama Magdalene ta miƙo hannu tana lalube har ta taɓa kanta. "Tashi, yarinya na, za ki ɓata kaya. Yaya za ki sani? Ido na a buɗe yake kamar na kowa. Hawan jinin ido ne, haka yake yi, ya kwashe gani ya bar ido."

Kafin ruwan ya tsagaita Hussaina ta ji labarinsu. Mutanen Gwada ne, Baba Yona tsohon malamin firamare, yanzu suna zaune a Dutsen Kura. Satin da aka ɗaura musu aure ya kawo ta Minna kallon fim, a wata tsohuwar sinima marar rufi da ake zama a kan benci. Tun daga nan kallo ya zama abinsu. Shekara tara da suka wuce idonta ya tafi. Da dare ba sa iya fita, shi ya sa duk shekara suke jiran dogon hutu saboda kallon rana.

"Magana tana ji da kanta," in ji Baba Yona. "Abin da ake gani ne nake faɗa mata. Ni ne idonta."

"To Baba, me ya sa ba ku faɗa a ƙofa ba?"

Mama ta girgiza kai. "Ba na so a riƙa nuna ni ana cewa ga makauniya ta zo kallo. Ni kallo na zo yi kamar kowa."

Washegari Hussaina ta samu manaja a ofis, ta kwashe duka ta gaya masa. Gideon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Abin tausayi ne. Amma idan na bar mutum ɗaya ya yi magana, gobe goma za su zo da nasu dalili. Su kalla a talabijin a gida. Kuma ke, ki kula da kanki, ina ganin ƙoƙarinki. Kada ki ɓata rawarki da tsalle."

Ta fito daga ofis. Ga aiki, ga tsofaffi. Kwana biyu tana juya abin a ranta.

Daga ƙarshe ta yi dabara. A ɗakin da take tsaro akwai kujeru biyu a layin ƙarshe, jikin bango, daidai inda na'urar sanyaya ɗaki take gurnani. Ba mai son wurin. Kallon ƙarfe biyu na Talata kuma shi ne ba ya cika sosai. Ta kira lambar da Baba Yona ya ba ta, ta ce su dawo. Duk Talata sai ta zaunar da su can, sauran jama'a ta tura su gaba, tana cewa gaba ya fi daɗin kallo. Ta san sarai idan manaja ya gano, nata ya ƙare.

Haka aka yi mako huɗu lafiya ƙalau. Ita tana tsaye bakin ƙofa kusa da su, kunnenta yana kan raɗar tsohon. Ni dai abin da ya burge ni a labarin nan shi ne yadda Baba Yona yake aikinsa. Ba ya maimaita abin da 'yan fim suka faɗa. Ba ya magana a kan maganarsu, sai ya jira sun yi shiru ya cusa tasa a tsakani. Kuma ba zai taɓa cewa "tana baƙin ciki" ba. Sai ya ce, "Tana zaune bakin gado, ta ninke ɗankwali ta warware, ta sake ninkewa." Ya bar Mama ta gane sauran da kanta. Wani lokaci ya ƙara nasa gishirin, ya ce jarumar kyakkyawa ce amma ba ta kai wata 'yar Gwada da ya sani ba. Mama ta mintsine shi, Hussaina ta toshe baki kada dariya ta fito.

Ran Talatar mako na bakwai suka iso, Baba Yona ya naɗe wuya da tawul. Ruwa ne ya dake shi a hanyar coci ran Lahadi, mura ta kama shi, murya ta dishe ƙaf. Ya buɗe baki zai gaishe da Hussaina, iska kawai ta fito.

"Na ce masa mu zauna a gida, ya ƙi," in ji Mama. "Wai saura Talata biyu hutu ya ƙare. Ba komai, zan ji sauti, ya ishe ni."

Kamar da gangan, fim ɗin ranar ya buɗe da dogon shiru. Kiɗa kawai ke tashi, babu mai magana. Hussaina ta waiga. Mama tana zaune ta fuskanci allo, hannuwanta a kan cinya, tana jira. Baba Yona ya kai baki kunnenta, leɓɓansa suna motsi, babu abin da ke fita. Ya sake gwadawa. Sai ya koma ya jingina, ya sa bakin tawul yana share ido.

Wallahi tausayi ya kama Hussaina. Ta tuna maganar manaja. Ta tuna shekara biyun da ta yi a gida. Saura mako ɗaya tak a faɗi sunan waɗanda za a riƙe, kuma kowa yana cewa tana ciki.

Ta sa tocilar a aljihu, ta zauna a kan mataka kusa da kujerar Mama, ta matso da bakinta.

"Mama, asuba ce. Wani mutum yana tafe shi kaɗai a bakin kogi, da jaka a kafaɗa. Takalminsa ɗaya ya tsinke, yana jan ƙafa."

Mama ta ɗan zabura, sannan ta lalubo hannun Hussaina ta riƙe. "Tsoho ne ko yaro?"

"Magidanci ne. Yana ta waiwaye."

"To, ya gudo ne. Ci gaba."

Sai dai raɗa ma gwaninta ce. Baba Yona ya yi shekara tara yana yi, Hussaina kuwa yau ta fara, ga murya siririya mai tafiya. Da fim ya ɗauki zafi ta manta kanta, ta ce, "Mama, ga shi nan a bayan ƙofa!" da ɗan ƙarfi. Wani mutum a layi na uku ya waigo ya harare ta. Ya sake waigowa. Sannan ya tashi ya fita.

Bayan minti biyu ya dawo da manaja.

Gideon ya tsaya a kansu. Ya kalli tsofaffin, ya kalli ma'aikaciyarsa zaune a ƙasa tana surutu a ɗakin da aka ba ta ta hana surutu. Ya yafito ta zuwa bakin ƙofa.

"Na gaya miki ko ban gaya miki ba?"

"Ka gaya mini, Oga."

"Kawo tocila. Aikinki ya ƙare yau."

Ta miƙa masa. Sannan ta ce, "Oga, saura minti ashirin fim ya ƙare. Ka bar ni in ƙarasa mata. Zan rage murya. Daga nan sai in tafi."

Gideon bai taɓa korar ma'aikaci ya roƙe shi irin wannan ba. Ya ce, "Ke yanzu ba ma'aikaciyata ba ce," ya juya ya fita. Hussaina ta koma ta zauna, ta ƙarasa wa Mama fim ɗinta har ƙarshe, hawaye na zuba, muryarta ba ta nuna ba. Ko da yake Mama ta ji komai, kunnen da ya yi shekara tara yana aikin ido ba a yi masa ɓoyo.

A gida ta faɗa kan katifa ta yi kuka mai isarta. Inna Altine, wadda da ma ba son aikin take ba, ta zauna ta ji yadda aka yi. Hussaina ta zaci za ta ce ai na gaya miki. Sai ta ji ta ce, "Da kin bar baiwar Allahn nan a zaune cikin duhu saboda tocila, da ni ce zan kore ki daga gidan nan. Tashi ki ci tuwo. Wanda ya ba ki wancan shi zai ba ki wani."

Kwana shida tana gida. Ran Talatar ƙarshe ta hutu, wajen sha ɗaya da rabi, wayarta ta yi ƙara. Manaja ne.

"Hussaina, kina ina? Hau keke ki zo yanzu yanzu. Don Allah."

Wannan "don Allah" ɗin ne ya ba ta mamaki. Ta zari hijabi ta fita.

Tana shiga harabar sinima ta tsaya cak. Mutane ne zaune a kujerun jira, sun kai ashirin, maza da mata. Wasu da sanda, wasu da baƙin tabarau, wasu da 'yan rakiya. Mama Magdalene tana tsakiyarsu. Ashe tun ran Laraba ta sa Baba Yona ya riƙa kai ta gida gida, wajen 'yan ƙungiyarsu ta masu lalurar gani, na coci da na masallaci, tana gaya musu akwai yarinyar da ke faɗin fim a sinima kuma an kore ta a kan haka. Kowa ya sayi tikitinsa. Amma sun ce ba mai shiga sai an kawo yarinyar.

Gideon yana tsaye a gefe yana share gumi, ga sanyin na'ura amma gumi yake. Mama tana yi masa magana a natse.

"Ɗana, dokarka mai kyau ne. Mu ma ba mu son surutu, mun fi kowa son shiru, don da kunne muke kallo. Amma ka yi doka don masu ido, ka manta akwai mu a garin nan."

Wani dattijo mai farar hula, Malam Jafaru, ya ɗaga sandarsa. "Manaja, ni rabona da sinima shekara ashirin da shida, tun kafin ciwon sukari ya ɗauke mini ido. Yau na yi wanka na sa turare. Kada ka mayar da ni gida haka."

Aka yi dariya, har da Gideon, amma tasa ba ta yi nisa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, Baba, ku yi haƙuri. An gaya mini, ban ji ba. Laifina ne."

Ya sa aka buɗe ƙaramin ɗakin kallo don su kaɗai. Ya ɗauko makirfo ya miƙa wa Hussaina. Ta kalle shi, ta kalli Baba Yona. Tsohon, wanda muryarsa ta fara dawowa kaɗan kaɗan, ya ce mata, "Kada ki hau kan maganarsu. Ki jira shiru. Kuma abin da kika gani za ki faɗa, ba abin da kika ji a ranki ba."

Aka kashe fitila. Muryarta ta ɗan yi rawa da farko, daga baya ta zauna daram. Ɗakin ya yi tsit. Inda abin dariya ya zo suka kwashe gaba ɗaya, inda abin tsoro ya zo wata mata ta ce "Yesu!", Malam Jafaru ya ce "Subhanallahi!" a lokaci guda. Gideon yana tsaye a baya. An ce ya rufe idonsa na minti biyar don ya ji yadda abin yake, da ya buɗe sai ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Da aka tashi ya kira Hussaina a gaban kowa. Ya ce ko hutu ya ƙare, duk Talata sha biyun rana ɗakin nan nasu ne, kuma ita ce mai makirfo. Sunanta ne na farko a cikin biyun da ya riƙe.

Jama'a suka watse, saura tsofaffin biyu a kujerunsu, a layin gaba. Hussaina ta zo ta durƙusa ta gaishe su. Ta ga Baba Yona yana riƙe da hannun matarsa, idonsa ya yi ja.

"Baba, lafiya? Ko na yi kuskure ne?"

Ya girgiza kai. Da dishasshiyar muryarsa ya ce, "Shekara tara, 'yata, idona yana kan allo, bakina yana kunnenta, ina tsoron kada wani abu ya wuce ban faɗa mata ba. Ban taɓa samun sarari na kalle ta ba, ko makon jiya idona bai bar allo ba. Yau kina magana, ni kuma na juyo ina kallon fuskarta tana dariya. Ban san me ya faru a fim ɗin ba ko kaɗan."

Mama ta mintsine shi. "Ka ji tsohon banza. To mu je gida, ni zan ba ka labarin."

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka tsaya ka ji uzurinsa, domin abin da ka ɗauka raini wataƙila lalura ce da ba ka gani ba. Doka don mutane aka yi ta, idan ta manta da masu rauni gyara ta ake yi. Kuma alherin da ka yi har ya jawo maka asara bai faɗi ƙasa banza ba, Allah yana sane da shi. Idan labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura shi ga 'yan uwa da abokai, in kuma akwai wanda ba zai iya karantawa ba a kusa da kai, zauna ka karanta masa.